Kafin Guduma Ta Taɓa Bangon Kicin

'Ya'yana, samari masu shirin ajiye iyali da ku da kuka riga kuka ajiye, da ku matan aure da kuke tara ɗan abin da sana'a ta kawo don gyara inda kuke girki, ku matso mu yi magana a kan lissafin gyaran kicin. Kada ku ɗauke ta ƙaramar magana. A duk ɗakunan gida, kicin ne kaɗai ba ya hutu. Falo ana iya kulle shi wata uku ana jiran kuɗi, baƙo ya zauna a zaure. Kicin kuwa sau uku a rana ake nemansa. Ranar da aka fasa shi, ranar uwargida ke komawa tsakar gida da murhu da kwanuka, rana ta dake ta, iska ta zuba mata ƙura a miya, in damina ce ta riƙa gudu da tukunya. Shi ya sa roƙona gare ku ɗaya ne: kada a soma rushe komai sai kun san, a rubuce, abin da zai kai aikin ƙarshe, kuma kuɗin yana hannu.

Yawancinku da hoto kuke farawa. An ga wani kicin a Instagram ko a gidan aboki, sai a miƙa wa kafinta waya a ce, "Irin wannan nawa za ka yi min?" Shi ma ya ɗaga kai sama, ya ɗan yi shiru, ya faɗi wani adadi. Wannan shaci-faɗi ne. Bai ga ɗakin ba, bai san abin da ke cikin bangon ba, kuma yana tsoron in ya faɗi gaskiyar kuɗin ka tafi wurin wani. Daga baya ne za ka fara jin "Alhaji, kayan nan ba su isa ba."

Wurin farawa shi ne bakin mai girkin. Ɗana, zauna ka tambaye ta abin da ke damunta a ɗakin nan. Sau da yawa za ka ji ba ƙyalli take nema ba. Hayaƙi ne ba ya fita, ko ruwan wanke-wanke ke kwanciya yana wari, ko babu inda za ta jingine buhun shinkafa da jarkar mai ba tare da ɓera ya kai gare su ba. Kuma ka tuna girkinmu ba irin na hotunan nan ba ne. Ana daka a gidajenmu, turmi kuwa in ya sauka a kan tayil kullum sai ya tsaga shi. Ana tuƙa tuwo, kuma babbar tukunya ba ta tuƙuwa a kan kanta mai tsayin ƙugu. Ranar suna ko Sallah, a waje za a hura itace ko gawayi. Ɗan dandamalin kankare a bayan kicin, da rumfar kwano a kansa, zai iya fi mata amfani a kan kabad huɗu na ado. In ka ji daga bakinta, rabin abin da za ka kashe kuɗi a kai zai faɗi da kansa.

Sai awo. Sayi tef naka na kanka, ba shi da tsada. Auna tsawo da faɗi da tsayin bango, da ƙofa da taga, ka rubuta a littafi guda da ka ware wa aikin. Bari mu ɗauki ɗaki mai mita 3 a faɗi, mita 4 a tsawo. Daɓensa murabba'in mita 12 ke nan. Tayil mai girman 60 da 60 yawanci guda huɗu ne a katan, suna rufe murabba'in mita 1.44. In ka raba 12 da 1.44 za ka sami katan takwas da ɗoriya, wato tara. Amma ana yanka tayil a gefe-gefe, wani kuma yana fashewa a hanya ko a hannun mai aiki, don haka ƙara kashi 10 cikin ɗari, ka sayi katan goma. Ka saye su rana ɗaya a shago ɗaya, domin in ka koma bayan wata biyu neman cikon katan guda, ko dai samfurin ya ƙare, ko ka samu launinsa ya ɗan saɓa.

Bango ma haka. Kewayen ɗakin nan mita 14 ne. In za a sa tayil har tsayin ƙofa, wajen mita 2.1, ya kama kusan murabba'in mita 29 da ɗan wani abu. Cire ƙofa da taga, ka dawo wajen 26. In aljihu ya yi nauyi, ba dole ba ne a lulluɓe bangon duka. Inda ruwa da mai ke fallatsa, wato bayan murhu da wurin wanke-wanke, nan ne tilas. Sauran fenti mai wankuwa ya isa. In akwai sabon gini, ka riƙe cewa murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan goma.

Kun lura ban ambaci naira ba tukuna. Da gangan ne. Ku riƙa rubuta lissafinku da buhu da katan da mita da falle, sa'an nan ku ɗora farashin ranar a gefe, da fensir. Dukanmu mun ga abin da ya faru bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo baya. Buhun siminti mai kilo 50, wanda a farkon shekarar ake saye tsakanin naira dubu huɗu da dubu biyar, ya haura dubu goma a wasu garuruwa cikin Fabrairun 2024, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar tsayar da shi tsakanin dubu bakwai da dubu takwas. Wanda ya rubuta "siminti, dubu hamsin" a takardarsa, lissafinsa ya mutu cikin 'yan watanni. Wanda ya rubuta "siminti, buhu goma" nasa yana nan da rai, farashi kawai zai sake tambaya. Kuma farashin ma ba ɗaya ba ne ko'ina, domin kuɗin mota yana ciki. Mutumin Sakkwato da ke kusa da masana'antar siminti ta Kalambaina, da na Gombe da ke kusa da ta Ashaka, ba lallai su saya daidai da wanda ake ɗauko masa daga Obajana ba. Tayil na Sifen da na Italiya da dala suke tafiya, na gida ya fi sauƙi, kuma akwai masu kyau a cikinsa.

Taka da ƙafarka ka je kasuwa. In kana Kano, ga Ƙofar Ruwa, ga 'Yan Katako na Na'ibawa. In kana Abuja, ga Dei-Dei. Tambayi shago uku kafin ka rubuta farashi, kuma ka tambaya har da kuɗin kai kaya gida.

Yanzu ga inda nake so ku fi ba ni hankalinku. Abin da ke cinye kuɗin gyaran kicin ba shi ne abin da ido ke gani ba, yana cikin bango da ƙarƙashin daɓe. Tsohon gida sau da yawa bututun ƙarfe ne a cikinsa, ya yi tsatsa yana tsiyaya a hankali shekara da shekaru. In ka ga fenti yana ɓarewa a gindin bango, ko gishiri-gishiri fari yana fitowa, to akwai danshi, kuma duk tayil da kabad da ka ɗora a kansa asara ce mai jiran lokaci. Kira mai aikin famfo ya duba tun kafin ka rufe lissafi. A canja bututun ruwa, a gwada shi da ruwa kwana ɗaya ko biyu a ga ba ya yoyo, sa'an nan a rufe da siminti. Bututun da ke fitar da ruwan wanke-wanke kuma ya sami gangara sosai har zuwa sokawe, domin ruwan kicin da maiƙo yake tafiya, in ya sami wurin kwanciya sai ya daskare ya toshe hanya. Fasa sabon tayil don neman inda ya toshe abu ne mai ciwo, na ga magidanta da yawa sun yi shi suna cizon yatsa.

Wuta ma haka take. Ƙidaya abin da za a jona: firji, firiza, bilanda, butar lantarki. Kowanne ya sami soket nasa, nesa da famfo. Kaurin wayar soket kada ya gaza 2.5, na wayar fitila 1.5, in kuwa akwai murhun lantarki to layinsa daban, da waya mai kauri 4 ko 6. Kada a yi tsumulmula a nan. Siririyar waya ko jabu tana zafi a cikin bango ba wanda ya sani, kuma gobara da yawa daga nan take tashi. Tukunyar gas, in da hali, a gina mata ɗan keji a waje inda iska ke kaɗawa, a shigo da bututu ta bango. Taga babba ko fankar zuƙe hayaƙi ba ado ba ce, lafiyar idon matarka ce da ƙirjinta. Waɗannan su ne farkon abin da za ka ware wa kuɗi, kuma su ne ba a ragewa ko da komai zai ragu.

Kabad shi ne ke ɗaukar kaso mafi girma a cikin abin da ake gani. Allunan da ake yin sa da su ƙafa takwas ne da ƙafa huɗu, don haka tambayi kafinta falle nawa aikin zai ci, kuma wane iri. MDF yana da santsi da kyau da sauƙin kuɗi, amma in ruwa ya shige shi sai ya kumbura ya rududduge. Ƙarƙashin sinki ba wurinsa ba ne, a nan a sa allo mai jure ruwa, ko a gina gindin da bulo a sa masa ƙyamare kawai. Wannan tsohuwar dabarar ta kanta ta kankare da tayil a sama har yau ban ga abin da ya fi ta ƙarko a gidan da ake girki da gaske ba, ga shi gara ba ta cin ta. Mabul yana da kyau ga mai hali, da mita ake sayar da shi. Tsayin kanta wajen santimita 90 ake yi, zurfinta 60, amma a auna da tsayin mai ɗakin. Hinji da mariƙi da ƙarfen durowa kuwa, Hausawa sun ce araha ba ta ado. Sau da yawa ake buɗe su kullum, na banza ba ya shekara.

Game da masu aiki, birkila da mai tayil da kafinta da mai famfo da mai wuta da mai fenti, kowanne a yi jinga da shi daban, a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Mai tayil da murabba'in mita ake biyansa, kai kuma ka riga ka san naka adadin. In ka nemi mutum uku suka ba ka farashi, kada ka ruga wurin mafi araha, je ka ga aikin da ya yi wa wani shekara biyu da suka wuce. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai fara aiki da shi, sauran a biya mataki-mataki, a bar wani abu sai an gama an gwada komai. A rubuta, kowa ya sa hannu, da shaida. Wasu na jin kunyar wannan, musamman in mai aikin ɗan'uwa ne ko ɗan unguwa. Babu abin kunya a ciki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Rubutu zumunci yake karewa. Kai kuma, ɗana, in mutum ya gama aikinsa, ba shi hakkinsa a ranar. Leburan da ya yini yana ɗaukar yashi, da kuɗin nan za a ɗora tukunya a gidansa da daddare.

Akwai ƙananan abubuwa da kusan kowa ke mantawa, su ne kuma ke taruwa su zama babba. Kuɗin kurkura ko tifa, 'yan dako, 'yan garuwa in babu ruwan famfo, kwashe ɓaraguzai, man janareto don injin yanka tayil, ƙusa da gam da farin siminti, abincin rana na masu aiki in an yi da shi, da ƙarin abin da gida zai kashe wajen sayen abinci a kwanakin da ba a girki sosai. Rubuta su duka. Bayan ka haɗa jimla, ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kai, in gidan tsoho ne ɗauki na saman. Kuɗin nan a ware shi gefe, ba na ƙarin ado ba ne, na abin da za a tarar ne bayan an fasa.

Ku dubi lokaci kuma. Kada a fasa kicin ana saura mako biyu azumi. Kai ango, kada ka bari sai 'yan jere sun sa rana sa'an nan ka kira birkila, domin siminti yana son kwanakinsa ana ba shi ruwa, kuma kabad da aka kafa a jikin ɗanyen bango yana shan danshi. Aikin gaggawa kullum ya fi tsada. In gidan haya kake, nemi yardar mai gida a rubuce, ku daidaita ko za a cire maka daga kuɗin haya, in ba haka ba ka tsaya ga abin da za ka iya kwancewa ka tafi da shi.

To in an yi lissafin nan duka, kuɗin hannu bai kai ba fa? Kada ka ci bashi mai nauyi saboda kicin, kada kuma ka fara da fatan sauran zai zo a hanya. Raba aikin gida biyu ko uku, yadda kowane kashi zai ƙare da ɗakin da ake iya girki a ciki. Kashi na farko bututu da waya da daɓe da sinki da kanta, a gama su cikin mako biyu ko uku, mai ɗaki ta koma ciki da kayanta a kan tebur da kwanduna. In adashe ya zo, a yi kabad na ƙasa. Na sama da silin da sauran kwalliya su biyo baya, tun da ana iya kafa su a yini ɗaya ko biyu ba tare da an sauke tukunya daga wuta ba.