Juyen Baƙin Mai Bayan An Sa wa Injin Ban Ruwa Sabon Kamshaf

Manomi, in kana lambu a bakin kogin Kaduna, ko ta wajen Malali ne, ko Unguwar Rimi, ko Kabala, ka san injin ban ruwa shi ne ran aikinka da rani. In ya tsaya kwana huɗu cikin zafin watan Maris, tumatir ya zubar da fure, alayyafo ya kwanta. Wannan takarda bayani ce kan abu guda wanda manoma da yawa ke sakaci da shi bayan sun karɓo injinsu daga wurin gyara, wato juyen baƙin mai.

A cikin injin akwai wani ɗan dogon ƙarfe mai tozo biyu, makanikai suna ce masa kamshaf. Shi ke buɗe bawul ɗin da fetur da iska suke shiga, da wanda hayaƙi yake fita. Yau da gobe tozon nan ya kan cinye. Sai injin ya rage ƙarfi, yana wuyar tashi, ruwan da yake turowa ya ragu. Daga nan sai ka ɗauke shi zuwa Panteka, ko wurin makanikin unguwarku, a sa masa sabo.

To, ka tambayi kanka: ƙarfen da ya cinye daga jikin tsohon, ina ya tafi? Bai fita ta salansa ba. Yana nan cikin baƙin mai, ya zama gari mai laushi kamar kwalli. Sabon ma da aka sa, sai ya yi ta gugar 'yan ƙarafan da ke hawa kansa kafin su saba da juna, shi ma yana zubar da nasa garin. Ga kuma ƙura da gutsattsarin tsohon gasket da suka faɗa ciki sa'ad da injin yake buɗe. Mota tana da matatar mai da ke tare irin wannan datti. Ƙananan injuna na fetur, irin Honda GX160 da masu kama da shi, ba su da ita. Fantsama man ake yi a ciki, saboda haka duk inda mai ya je garin ƙarfe ya je, yana cin fistin da ringi da karanshaf. Ka biya kuɗin gyara ɗaya, kana sayen na biyu ba ka sani ba.

Tun a wurin gyara za ka fara lura. Ba a sa kamshaf sai an buɗe murfin gefe, ba a kuwa buɗe shi sai an tsiyaye mai. Wani makanikin sai ya tara tsohon man a gwangwani ya mayar, wai yana rage maka kashe kuɗi. Kada ka yarda. Ka tafi da sabon mai a hannunka, wanda ba a fasa hatiminsa ba, a zuba a gabanka. Irin wannan injin ba ya shan fiye da lita 0.6, watau rabin lita da ɗan kai. Ka roƙe shi ya wanke cikin da kalanzir, ya bari ya bushe, ya kuma duba 'yan ƙarafan nan da ke hawa kan tozon. In sun ci, a canja su tare, don tsohon da ya ci shi ke lalata sabon kamshaf.

In ka kawo shi lambu, kada ka buɗe masa wuta duka. Ka haɗa tiyo, ka cika famfon da ruwa, ka bar shi ya yi aiki a hankali kamar rabin sa'a. Sa'an nan ka kashe, ka rufe fetur. Tun man yana da ɗumi za ka juye shi, gama mai sanyi ba ya fita da datti. Ka ajiye injin a wuri mai daidai, ka tara kwano mai tsabta, ka cire ma'aunin mai, ka kwance notin da ke ƙasa. Ka yi hattara da salansa, yana ƙuna.

Kada ka yi saurin kawar da kwanon. Fitar da shi rana ka karkata shi. In ka ga yana ƙyalli ƙanana-ƙanana, garin ƙarfen ke nan, kuma a juyen farko ba abin tsoro ba ne. Ka ɗaure notin, ka zuba sabon mai har ya kawo bakin ramin zubawa.

Masu ƙera injin sun ce sabon inji a yi masa juye bayan sa'a 20 na aiki, daga nan kuma duk sa'a 100 ko wata 6. Injin da aka sa wa sabon kamshaf, ka ɗauke shi kamar sabo ne, ka sake yi masa juye in ya cika sa'a 20. Mai ban ruwa na sa'a huɗu a rana, kwana biyar ke nan. Ka riƙa yin zane a bangon bukka ko a takarda, don lissafin ka yakan ɓace. Da hunturu, lokacin da ƙura ta yi yawa, kada ka jira sai sa'a 100 ta cika.

Tsohon man kada ka zubar da shi a kogi ko a fangalin kayan miya. Yana kashe ƙasa, kogin kuwa daga nan mutanen gari ke samun ruwan sha. Ka dura shi a galan ka kai wa makaniki.

In ka yi juye na uku har yanzu man yana ƙyalli, ko ka ji gutsattsarin ƙarfe tsakanin yatsunka, wani abu ne ke ci a ciki. Ka kashe injin, ka ari na maƙwabci don ban ruwan ranar, ka koma wurin makaniki da injin da kwanon man gaba ɗaya ya gani da idonsa.