Darasin Lafiya: A Auna Yaro Kafin Ya Shiga Fili

Ƴan lakkol suna son wasa: ƙwallo, gudu da kokowa. Wasa yana ƙara ƙarfin jiki. Amma kafin yaro ya shiga gasa, ya kamata lokotoro ya auna shi. Wani lokaci ana sa hannu bisa takarda ba a duba yaro da kyau ba. Wannan sakaci ne, kuma yana kisa.

Ga abin da ya faru a Amurka. A watan Satumba na 2006, wani ɗalibi mai suna Dale Lloyd, ɗan shekara 19, yana horon ƙwallo a jami'ar Rice, cikin birnin Houston. Aka sa su gudun yadi 100 har sau 16. Ya faɗi. Washegari ya rasu.

Da aka bincika, sai aka gano yana ɗauke da irin amosanin jini, wanda ake kira sikila ko emasi. Makarantar ba ta auna jininsa ba kafin ya fara wasa. Iyayensa suka kai ƙara. A 2010 ƙungiyar wasannin jami'o'in ƙasar ta kafa doka ga manyan makarantunta: a auna jinin ɗan wasa, ko ya sa hannu cewa ya ƙi.

Wannan darasi ya shafi Nijar, don sikila tana da yawa a ƙasar. Gadonta ake yi. Wanda ya gada wajen uwa da uba duka, shi ne mai ciwon. Wanda ya gada gefe guda, lafiyarsa lau, sau da yawa bai ma sani ba. Amma in ya yi gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa, ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa kamar lauje. Sai su toshe ƙananan hanyoyin jini, naman jiki ya lalace.

Awo na gaskiya ya ƙunshi abu huɗu:

1. Tambaya: yaro ya taɓa suma? Ƙirjinsa yana ciwo in ya yi gudu? Akwai wanda ya mutu farat ɗaya da ƙuruciya cikin dangi?
2. Sauraren bugun zuciya.
3. Awon hawan jini.
4. Awon jini don neman sikila.

Uba ko uwa su raka yaro likita, su faɗi gaskiya. In an miƙo takarda ba a taɓa yaro ba, su ce a auna shi.

Mai ɗauke da irin sikila yana iya wasa. Sai dai mushe ya sani. A fara horo sannu sannu. A ba shi ruwa. In ya gaji, a bar shi ya huta. In ya faɗi, a kai shi likita maza maza.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:
1. Wane awo ne ba a yi wa Dale Lloyd ba?
2. Mi ya kamata uba ya faɗa wa lokotoro?