TARIN FUKA GA YARA ƘANANA: ABIN DA YA KAMATA HAKIMAI DA MALAMANSU SU SANI

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu na ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Magana ɗaya ya ke ɗauke da ita: yaron da tarin fuka ya fi ci, sau da yawa shi ne wanda gwaji ya fi wuyar nunawa. Wanda ya gane dalilin wannan, ba zai bar yaro ya salwanta ba don kurum an ce gwaji bai nuna kome ba.

1. Yadda jiki ya ke tsare kansa

Wata ƙwayar cuta ce ta ke kawo tarin fuka. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya gano ta a Barlin cikin 1882. Tana fita daga bakin mai tari, ta bi iska, wani ya shaƙa.

Allah ya yi wa jikin ɗan Adam garkuwa, watau fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu tamkar na dakaru ne. In cutar ta shiga huhu, sai su kewaye ta su gina mata ganuwa, su tsare ta a ciki. Domin haka cikin manya goma da suka shaƙe ta, da ƙyar ɗaya ya kan kwanta, sauran su kan ƙare rayuwarsu ba su sani ba.

Amma dakarun jariri ba su ƙosa ba. Cikin jariran da cutar ta shige su kafin su cika shekara, kimanin rabi su kan kamu da ciwon sosai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayar ta kan bi jini ta watsu cikin jiki, ko ta hau ƙwaƙwalwa ta zama wani irin sanƙarau mai kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 1.3 suka kamu da tarin fuka cikin 2023.

2. Dalilin da ya sa gwajin yara ya ke da wuya

Babban mutum ya kan yi kaki, likita ya duba ya ga ƙwayar. Yaro ƙarami kuwa haɗiye kakinsa ya ke yi, ƙwayoyin da ke huhunsa kuma kaɗan ne. Saboda haka likita ya kan zama kamar alƙali wanda ba a kama masa ɓarawo da kaya a hannu ba, tilas ya nemi shaidu.

Shaida na farko shi ne jikin yaron. A kan yi masa ’yar allura cikin fatar hannu, bisa hanyar da Charles Mantoux na Faransa ya fito da ita cikin 1908. Bayan kwana biyu ko uku a duba wurin. In dakarun jiki sun taɓa gamuwa da cutar, za su taru a wurin ya yi tauri. Taurin da ya kai milimita 10 alama ce. Akwai kuma gwajin jini mai irin wannan aiki.

To, a lura da kyau. Wannan gwaji ba ƙwayar cutar ya ke gani ba, amsar jiki ya ke ji. Yaron da tamowa ta rama shi, ko ya tashi daga ƙyanda kwanan nan, ko yana ɗauke da ƙanjamau, dakarunsa sun gaji, ba su da ƙarfin amsawa. Sai hannu ya fito sumul, alhali kuwa ciwo yana cinsa. Shi ya sa ga mai tamowa mai tsanani ko mai ƙanjamau, ko milimita 5 ma a kan karɓa. Haka kuma taurin fata kaɗai ba ya tabbatar da ciwo, ya nuna dai cutar ta taɓa shiga.

Sauran shaidu su ne hoton ƙirji, da na’urar GeneXpert wadda ta kan gano ƙwayar ko cikin bayan gidan yaro, da labarin gidansu.

3. Misali

A misalta wani ɗan dako a Gagarawa Tasha ya yi wata biyu yana tari, yana kwana ɗaki ɗaya da ’yarsa mai shekara ɗaya da rabi. Tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa. Yarinya ta daina wasa, zazzaɓi ba ya sakinta, an ba ta maganin cizon sauro bai yi ba. An yi gwajin fata, bai nuna kome ba. In likita bai ji labarin tarin uban ba, mai yiwuwa a sallame ta. In kuwa malamin hakimi ya rubuta a takarda cewa akwai mai tari a gidan, wannan layi guda ya isa ya sa likita ya ƙara bincike.

4. Magani

Ciwon yana warkewa. A kan sha magani kullum har wata shida, wanda ya hau ƙwaƙwalwa kuwa ya kan kai shekara. Cikin 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da wata huɗu ga yaran da ciwonsu bai tsananta ba. Likita ne mai yanke wannan, ba iyaye ba. Maganin kyauta ne a asibitocin Gwamnati, ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta.

Magani da garkuwar jiki tare su ke aiki, don haka a ƙara wa yaro wake da gyaɗa da ƙwai da madarar da aka tafasa. Wani lokaci kaluluwar wuya ta kan ƙara kumbura bayan an fara magani, domin dakaru sun farfaɗo sun koma fagen fama. Kada a tsai da magani, a koma wurin likita.

Yaran da ba su kai shekara biyar ba, in suna gida ɗaya da mai tarin fuka, a kan ba su maganin tsari ko da lafiyarsu lau. Allurar BCG kuwa, wadda aka fara yi a Faris cikin 1921, tana koya wa dakarun jariri sanin abokin gaba tun da wuri. Ta fi tsare shi daga mugun irin nan na ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana kamuwa ɗungum.

5. Aikin da ya rataya a wuyan hakimai

(a) Dagatai da masu unguwanni su kawo sunan duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu.

(b) Malami ya rubuta yaran gidan da shekarunsu, a kai su asibitin Gumel ko wanda ya fi kusa, da takarda a hannu.

(c) Ranar suna a tambaya ko an yi wa jariri BCG.

(d) Masu fatauci zuwa kasuwar Maigatari ko ƙetaren iyaka, in za su tafi da yaro mai shan magani, su karɓi na kwanakin tafiya.

(e) A riƙe sirrin marasa lafiya. Gidan da aka kunyata ɓoye ɗansa zai yi.

Yaro ba ya iya kawo ƙara da bakinsa, jikinsa ma wani lokaci ya kan kasa ba da shaida. Alƙalamin malami da umurnin hakimi su ne za su tsaya masa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.