Kafin a yi wa naka tiyata, ka san wanda zai riƙe wuƙar

A Gaya da Ajingi mun saba kiran duk mai farar riga likita, har da mai kemis. Kowannensu da amfaninsa, amma a doka likita shi ne wanda hukumar MDCN, wadda aka kafa a 1963, ta yi wa rajista, kuma yake sabunta lasisinsa duk shekara. Idan za a yi wa matarka aikin haihuwa ko ɗanka aikin ƙaba a asibitin kuɗi, ka nemi ganin lasisin na bana. Ba rashin kunya ba ne. Ka duba bango ko akwai takardar PHIMA, hukumar jihar Kano mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu.

Likitan ƙwarai zai zauna ya yi maka bayani da Hausa: mene ne ciwon, me zai yi, wane haɗari ke ciki, sannan ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Abin yana yi mini ciwo in ga dattijo ya dangwala a takardar da ba a karanta masa ba. Sirrin mara lafiya kuma amana ne, ba na hirar majalisa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a kori wanda aka kawo rai a hannun Allah.

In an yi maka sakaci, ka adana katinka da rasit da takardun gwaji, ka yi rantsuwa a kotu, ka aika ƙorafinka ga kwamitin bincike na MDCN a Abuja.