Ciwon da Ke Hawa Daga Ƙafa

Idan tafin ƙafafunka ya fara yi kamar ana soka maka allura, bayan kwana biyu ka kasa tashi daga tabarma, kada ka ce sammu ne. Akwai ciwon da ake kira Guillain-Barré, sunan likitocin Faransa da suka bayyana shi a 1916.

Yakan biyo bayan gudawa ko mura da sati ɗaya zuwa uku. Garkuwar jiki ce, bayan ta gama yaƙi da ƙwayar cuta, take juyowa kan jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi. Ba a ɗaukarsa daga wani.

Shanyewar ɓarin jiki gefe ɗaya take kamawa. Wannan kuwa ƙafa biyu yake kamawa tare, ya hau hannuwa, wani lokaci har ƙirji. Nan haɗarin yake, domin numfashi na iya tsayawa. Na ga waɗanda aka tsaya yi musu tsaga har suka fara haki.

A kai mara lafiya asibiti a ranar. A nan Kumasi, Komfo Anokye, wanda muke ce wa Gee, yana da injin taimakon numfashi. Idan yana shaƙewa, kada a ɗura masa koko. Yawancinsu suna sake tafiya, ko da ya ɗauki watanni.