Darasin Wannan Wata: Waya a Cikin Gida da Wajen Neman Taimako

Zuwa ga iyayenmu maza da mata, da 'yan'uwa mazauna Kokoro da sauran unguwannin Kilomita Biyar. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, in da hali da dare lokacin da kowa yake gida.

Mu ne muke yi wa jami'ar kariya tafinta. Muna juya maganarku daga Hausa da Sango zuwa Faransanci, mu dawo muku da amsa. A da, in mutum ya zo da kuka, takarda yake riƙe da ita. Yanzu waya yake miƙo mana, ya ce, "Ku saurari wannan saƙo, gaskiya ne?" Shi ya sa muka ware darasin nan ga WhatsApp da Facebook da TikTok. Abin da muke so kowane gida ya riƙe shi ne: taimakon gaskiya ba ya neman kuɗinka, ko lambar sirrinka, ko mutuncin ɗanka. Misalan da za mu kawo mun cire musu suna da duk alamar da za a gane mutum da ita.

1. Alherin da waya ta yi mana

Tun rikicin Disamban 2013 gidajenmu suka rabu. Wasu suka bi motoci zuwa Garoua-Boulaï, daga can zuwa sansanonin Gado, Lolo da Mbile a Kamaru. Wasu suka nufi Sido, Doyaba da Gaoui a Cadi. A lokacin, sanin cewa ɗan'uwanka yana raye yakan jira saƙon takarda na Croix-Rouge, ko bakin direban da ya dawo daga iyaka. A watan Yunin 2014 ma gwamnatin riƙon ƙwarya ta rufe saƙon tes a duk ƙasar har tsawon makonni.

Yau kaka da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana danna waya ta yi magana, jikanta ya ji muryarta a N'Djamena kafin shayi ya huce. Ana sanar da suna da rasuwa a zauren WhatsApp na dangi. Mata suna tuna wa juna zubin adashe. Yaro a Douala yana turo kuɗin magani. Lokacin ambaliyar kogin Ubangi a Oktoban 2019, da yawa cikinmu ta waya muka fara jin gidajen da ruwa ya ci, ta nan aka haɗa tabarmi da tukwane. Ba wanda zai ce ku ajiye waya. Sai dai ƙofa ce, kuma ƙofar da alheri yake shigowa ta ita ɓarawo ma yake bi.

2. In za a tara wa wani gudummawa

Wani yaro ya yi rashin lafiya mai tsanani, iyayensa ba su da kuɗin asibiti. Wani saurayi maƙwabcinsu, da zuciya ɗaya, ya ɗauki bidiyon yaron a kwance ba riga, uwar tana kuka a gefe, ya sa a Facebook da lambar wayarsa. Jama'a suka taimaka, yaron ya warke, alhamdu lillahi. Bayan watanni sai wata 'yar'uwarsu a Kamaru ta ga bidiyon yana yawo da wata lamba daban, ana cewa yaron maraya ne, yana bakin mutuwa. Uwar ta zo wurinmu tana roƙon a goge shi. Mun taimaka an kai ƙara ga Facebook, an cire wasu, amma abin da mutane suka riga suka sauke a wayoyinsu ba mai iya dawo da shi. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta.

Saboda haka, in unguwa za ta tara wa wani:

a) A nemi yardar mai buƙata tukuna, a gaya masa inda za a sa sanarwar da waɗanda za su gani. In yaro ne, iyayensa za a tambaya, shi ma a tambaye shi in ya yi wayo.

b) Kada a nuna fuskar yaro, ko tsiraicinsa, ko ƙofar gidansu. Takardar magani da aka rufe sunan da ke kanta ta isa hujja.

c) A fara da zauren da aka san juna, na dangi ko na masallaci, kafin a fita fili.

d) Mutum biyu su riƙe lissafi. In an gama, a faɗi abin da aka samu da abin da aka kashe, a ce an rufe. Gudummawar da ba a rufe ba ita ce 'yan damfara suke ɗauka su ci gaba da ita.

Malamanmu sun daɗe suna koya mana falalar sadakar da aka ɓoye. Wanda ya kawo buhun shinkafa ya ce sai an tsaya an yi hoto da mai karɓa, a gode masa, a kuma tuna masa da wannan cikin ladabi.

Haka nan ma'aikacin agaji. In zai ɗauke ku hoto, wajibi ne ya faɗi dalili, ya nemi izini. Kuna da damar cewa a'a, kuma ƙin yarda ba zai sa a cire sunanku daga rabo ba.

3. Masu sa rigar ƙungiyoyin agaji

Alamar HCR ko ta PAM kowa yana iya kwafarta daga intanet ya liƙa a kan lambarsa. Saƙonnin da ake kawo mana kusan iri ɗaya ne. Wani ya ce an zaɓi gidanku zuwa Kanada, ku turo jaka ashirin na buɗe fayil. Wani ya ce an fara sabon rabon kuɗi, ku turo hoton katinku. Wani ya ce ya tura muku lambobi shida bisa kuskure, ku karanto masa.

Ga gaskiyar magana:

a) Duk aikin HCR kyauta ne: rajista, takardu, shawara, da komawa gida. Tun yarjejeniyar 2019 tsakanin ƙasarmu da Kamaru da HCR, 'yan'uwanmu da suka zaɓi dawowa ba sa biyan ko dala. Ku faɗa wa danginku da ke can.

b) Shirin kai mutane wata ƙasa ta uku na 'yan gudun hijirar da suke wajen ƙasarsu ne, su ma kaɗan daga cikinsu. Wanda yake zaune a Bangui, ɗan ƙasar nan, aka ce masa HCR za ta kai shi Kanada in ya biya, ƙarya ake yi masa.

c) Lambar sirrin Orange Money taku ce ku kaɗai. Ma'aikacin kamfani ba ya tambayarta, mu ma ba ma tambaya.

d) Lambobi shidan nan da suke zuwa ta tes su ne makullin WhatsApp ɗinku. Wanda ya same su zai shiga da sunanku, ya roƙi danginku kuɗi, su kuwa su tura suna zaton ku ne. Maganinsa: a shiga Paramètres, a zaɓi Compte, sannan Vérification en deux étapes, a sa lambar da ku kaɗai kuka sani.

e) Ba a musayar agaji da jiki. Duk wanda ya nemi mace ko yarinya ta turo masa hotonta, ko ta same shi a keɓe, don ya sa sunanta a takarda, ya yi babban laifi ko da ma'aikaci ne na gaske. Kada a goge saƙon. A kawo mana, za a riƙe sirri.

4. Jita-jita

Mu a nan mun san farashin labari mai gudu. A ranar 26 ga Satumban 2015 an tsinci gawar wani saurayi mai taksin babur. Kafin a san wanda ya kashe shi gari ya kama da wuta, an rasa rayuka da dama, dubban mutane suka sake barin gidajensu. A lokacin wayoyi masu intanet ba su kai na yau yawa ba. Yanzu saƙon murya ɗaya yana zagaye Kilomita Biyar kafin a idar da sallah, kuma sau da yawa bidiyon da aka ce na jiya ne a Bangui, tsoho ne, ko na wata ƙasa.

Kafin ku tura wa wani, ku tambaya: wa ya yi maganar, da sunansa? Yaushe, a ina? Da idonsa ya gani? In kun ga kibiya biyu a kan saƙo da rubutun Transféré de nombreuses fois, ya bi hannaye da yawa ke nan, kuma ba wanda ya san mafarinsa. Ku kunna Radio Ndeke Luka ko Guira FM, ko ku tambayi mai unguwa ko liman. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu cutar da mutane cikin rashin sani. Wanda ya riƙe saƙo bai tura ba, babu abin da ya rasa.

5. Wayar gida

A yawancin gidajenmu waya ɗaya ce. Tana hannun maigida ko babban ɗa, shi yake kai ta caji, shi yake karanta wa kowa. Wannan amana ce. In saƙon rabo ko kuɗi ya zo da sunan uwa, nata ne, a gaya mata a ranar. Ya kamata ita ma ta san lambar sirrinta da kanta.

A yanke kuɗin kiredi na mako, kada ya shiga kuɗin cefane. Dokar Facebook da WhatsApp da TikTok ita ce yaro ya kai shekara 13 kafin ya buɗe nasa. Ko ya kai, a san waɗanda yake hira da su. Akwai masu yi wa samari alkawarin aiki a ramin zinariya, da masu yi wa 'yan mata alkawarin aure a waje tare da kuɗin mota.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta faɗa hannun mai yi mata barazana da hoto, kada a fara da duka. Yaron da yake tsoron bulala ɓoyewa zai yi, mai barazanar kuwa ɓoyewar yake so. Kada a biya shi, don in an biya sau ɗaya zai dawo. In kuma an yi wa wani fyaɗe, kada a sa labarin a zaure ko da don neman taimako ne. A kai shi asibiti cikin kwana 3, wato awa 72, lokacin da maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki.

Tambayoyin tattaunawa a gida

1. Su wa suka san lambobin sirrin wayar gidanmu?
2. Akwai hoton yaranmu ko na katinmu da muka taɓa tura wa wanda ba mu sani ba?
3. In saƙon tashin hankali ya zo da dare, wa za mu tambaya kafin mu tura?

In kuna shakkar wani saƙo, ku zo da wayar teburin kariya a ranakun aiki, ko ku sa takarda a akwatin koke ba tare da suna ba. Mace tana da damar neman mace ta saurare ta. Wanda ya rabu da ɗan'uwa kuma har yau bai ji ɗuriyarsa ba, ya je wurin Croix-Rouge, neman dangi kyauta ne. Wanda aka riga aka damfara kada ya ji kunya, masu ilimi ma an yi musu. Zuwanku shi zai tsare maƙwabci.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya haɗa kowa da nasa.