Amsoshin Tambayoyinku: Wane Magani ne ke Ƙarfafa Garkuwar Jiki?

Tambaya: Da zarar hunturu ya kama, mura da tari ba sa barin gidana. Masu tallar magani a mota suna ta shelar wani haɗi na ƙarfafa garkuwar jiki, a kemis kuma an nuna mini ƙwayoyin bitamin masu tsada. Wanne zan saya wa yara? Daga wata uwa a Unguwar Dosa, Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya raya mana zuri'a. A gaskiya babu ƙwaya ko haɗin da ke hana mura. Bitamin C ma, iyakarsa ya ɗan rage kwanakinta. Garkuwar jiki da abincin yau da kullum ake gina ta, kuma yawancin abin da take buƙata yana jibge a Kasuwar Kawo da ta Abubakar Gumi.

Babban mutum na buƙatar miligiram 75 zuwa 90 na bitamin C a rana, yaro bai kai haka ba. Goba guda ta wadatar, domin ta ninka lemon zaƙi wajen wannan sinadari. Garin ƙwallon kuka ma haka, amma a dama shi da ruwan sanyi, don zafi na kashe bitamin ɗin. Bitamin A, mai kare fatar cikin hanci da maƙogwaro da hanji, yana cikin manja, karas, kabewa, hanta da ƙwai. Zogale na da shi, sai dai jiki ba ya tsotsarsa sosai sai da maiƙo. Shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi dafaffen ganye gaya. Sinadarin zink kuwa, nemi nama, wake da gyaɗa.

Ƙwayar bitamin tana da ranarta: ga mai juna biyu, da wanda likita ya tabbatar yana da ƙaranci. Yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuma ana ɗiga musu bitamin A kyauta sau biyu a shekara a asibitocin sha-ka-tafi. Kada ki bari ya wuce su.

Haɗin mota kuwa, duba lambar rajistar hukumar NAFDAC. Ko da akwai ta, in ta ƙare da harafin L, ma'anarta an tantance cewa ba ya cutarwa, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Wanda babu lamba, bar wa mai shi kayansa. Citta, tafarnuwa da habbatus sauda ba laifi a abinci. Zuma na lafar da tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Ki haɗa da allurar rigakafi, wanke hannu da sabulu da isasshen barci. In tari ya wuce mako biyu, ko yaro na numfashi sama-sama har haƙarƙarinsa na lotsawa, ba maganar bitamin ba ce. Garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko asibitin Barau Dikko, a ranar.